Wanda Ya Amsa Sunan Sarjan Bukar

Tun ranar da na dawo daga Diffa 'yan fadarmu suka hana ni shan shayi cikin salama. Wannan ya ce ina tsarabar kifi banda, wancan ya ce wai da gaske ne can ko goro za ka saya sai da naira. Malam Habu kuma tambayarsa ɗaya ce kullum: "Majo, me ya sa ka dawo fuska a murtuke kamar wanda aka koro?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya yi dariya ya tashi. Ga shi nan na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya karanta ya ƙyale ni.

Ni ma'aikacin jinya ne, abin da ake kira majo a wajenmu, na yi shekaru a likitar soja, wato asibitinsu, kafin in koma ta gari a nan Damagaram. Wani porje ne, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya ɗauke ni aikin sati biyu. Aka ba ni sunayen mutum takwas, tsoffin pompiye, wato sojojin kashe gobara da ceto, waɗanda aka tura gabas shekarar da Komadugu ta cika ta ci ƙauyukan bakinta. Daga baya suka yi ritaya, suka zauna can. Aka haɗa ni da takardun tambayoyi: Kana barci? Abinci na shiga? Akwai abin da ke faranta maka rai? Ka taɓa jin mutuwa ta fi maka? Kowace amsa da makinta. Madam shugabar porjen ta faɗa mini ƙarara cewa in takardun sun nuna akwai mai ciwon damuwa a cikinsu, lokotoro, wato dokta, zai je har Diffa da magani. In ba su nuna ba, motar da za ta kai shi ta yi wani wajen, don ɗaya ce gare su. Wato zuwan lokotoro da rashin zuwansa suna cikin jakata.

Na shiga ƙaramar bas da sassafe. Har Gure hanya da dama-dama, daga can kuwa kwaltar ta zama ramuka da aka jera, direba ya fi tafiya a gefenta fiye da kanta. Kusa da ni wani malamin makaranta ne, Bazabarme, wanda aka yi wa canjin aiki zuwa Diffa. Tun daga tasha yake lissafo mini laifin da bai yi ba, don shi a ganinsa ba a tura mutum Diffa sai don horo. Wata Hajiya mai safarar tattasai ta gaji da shi, ta kira shi yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, yi shiru haka nan. Duk wanda na gani yana kuka za shi Diffa, da kuka na ga ya baro ta." Ya ce shi ban da shi. Ta ce duk haka suke cewa.

Kafin Gudumariya taya ta fashe. Muna zaune gindin wata aduwa ana gyara, akuyar wani fasinja ta zura baki a jakata ta ci kusan rabin takardar izinin tafiyata. Allah ya sa ba ta kai ga takardun tambayoyin ba. A shingen Maine jandarma ya ɗaga abin da ya rage ya juya shi, ya ce, "Majo, ka makara, wani ya riga ni dubawa." Ya sake ni. Wannan ita ce dariya ta ƙarshe a tafiyar nan da ban yi nadamarta daga baya ba.

A Diffa na sauka gidan Kiyari, wanda muka yi makarantar jinya tare. Matarsa ta kawo burabusko da miyar kuka, an zuba mata kifi banda ba tsoron Allah, na ci har na ji kunya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gaisuwarsu. Mu a gida mukan ɗaga murya, mu riƙe hannu mu girgiza, a ga haƙoranmu. Su kuwa ƙasa-ƙasa suke yinta, kowa na kallon gefe, "wushe, wushe, kalewa," har ka ɗauka sun gama, sai su sake daga farko. Na ce wa Kiyari mutanen da ke ɓata rabin safiya suna tabbatar wa juna lafiya lau suke, ta yaya zan sa su ce mini ba su da lafiya? Ya ce, "Su ba su ne matsalarka ba. Sojoji za ka gani, ka manta?"

Shugaban tsoffin pompiyen Ajidan Garba ne, mutumin Dogonduci da ya yi aure can ya ƙi komawa gida. Na aika masa da sunayen, ya ce bakwai suna Diffa da kewaye, na takwas, Kaporal Mele, yana Bosso. Kashegari na iske su a rumfar da tsoffin sojoji ke taruwa. Na zaci zan tarar da dattawa a kan tabarma. Ina! A jere suke, bakwai cif har da shi kansa Ajidan, an yi aski, an goge takalma. Ya yi kiran suna da lamba, kowa ya buga ƙafa ya amsa. Ni ma tsohon jinin soja ya motsa, ban san lokacin da na ƙame na sara masa ba.

Nan na yi kuskuren farko. An koya mana a yi tambayoyin nan mutum biyu kawai, ƙofa a rufe. Amma Ajidan ya sa aka ajiye mini tebur a cikin rumfar, ya ja kujerarsa ya zauna a bakinta. Wane ne ni da zan ce wa ajidan ya tashi? Na buɗe jaka.

"Kana barci?"

"Kamar jariri, Majo."

"Abinci fa?"

"Sai dai ya yi kaɗan."

"Ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka?"

"Babu abin rahoto, Majo."

Haka bakwai ɗin suka yi mini, kamar bakinsu ɗaya. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ya amsa sunan Sarjan Bukar, dogo, mai wushirya, mai barkwanci. Da na tambaye shi ko yana jin kasala, ya ce in ba shi yarinya in gani. Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Na ba shi sifili, na sa hannu.

Kuskure na biyu kuma na neman suna ne. Motar porje, da ta zo Diffa wani aiki, na komawa Damagaram da la'asar, sai na ce bari Madam ta san ba ta ɗauki rago ba. Na sa takardu bakwai ɗin a ambulan na ba direba, ni kuma na nufi Bosso da jaka mai sauƙi da zuciya mai sauƙi.

Hanyar Bosso ba hanya ba ce, sawun motoci ne cikin rairayi. A bayan wata tsohuwar akori-kura na tafi, bisa kwalayen da za a ciko da kifi. Duk inda muka ratsa kusa da kogi, tattasai ne shanye a ƙasa, ja wur, mata na tsince. Da na sauka, warin hayaƙin kifi ya riga ya shige mini riga, har yau matata na cewa tana jin sa. Aka ce Mele ya ƙetare kogi zuwa kasuwar wancan gefe. Na shiga kwalekwale. Iyakar ƙasa ke nan, ruwan da yaro mai ƙarfi zai jefa dutse ya ƙetare shi. A can wani mai kaki ya tare ni da Turancin Ingila, na amsa masa da Faransanci, muka kalli juna, sannan muka koma Hausa dukanmu. Ya ga guntuwar takardata ya tambayi me ya same ta. Na ce akuya. Ya ce, "Oga, wuce kawai."

Na sami Mele a rumfar dillalan kifi, baƙi, kakkaura, ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Muka koma bayan rumfar mu biyu. Shi ne mutum na farko da ya yi tunani kafin ya ba ni amsa. Ya ce shekara biyun farko bayan ruwan ba ya barci, amma ya yi kukansa ya gama, yanzu kifi ya ishe shi damuwa. Makinsa bai kai na mai ciwo ba, kuma na yarda da shi. Ina naɗe takarda ya ce, "Ka ga Sarjan Bukar?"

Na ce na gan shi, ai duk ya fi su lafiya, dogon nan mai wushirya.

Mele ya tofar da goron bakinsa. "Majo, Bukar gajere ne, iya kafaɗata. Wanda ka gani Isufu ne, direban motar ruwa. Shi bai ma ga ambaliyar ba, bayanta aka kawo shi. Shekara nawa yana amsa sunan Bukar duk inda aka yi kiran suna. Lambarsa ma ya fi shi haddace ta."

Sai ya ba ni labarin. Bukar ɗan bakin kogin ne, duk cikinsu shi kaɗai ya iya nutso. Ranar da wani babban kwalekwale ya kife da mata da yara masu gudun ruwa, shi aka ɗaura wa igiya a ƙugu, sauran suka riƙe ta daga tudu. Kwana uku yana shiga yana fitowa. Mutanen ƙauyen uwarsa ne, duk gawar da ya ɗago ya san sunan mai ita, shi ke faɗa wa mai rubutawa. Ya ƙarasa shekarun aikinsa da ƙyar, da ya yi ritaya ya shiga ɗaki a gidansa na Gagamari, kusa da Diffa, bai sake fitowa ba.

"Me ya sa ba su kai shi likita ba?" na tambaya.

"A ce pompiye ya taɓu? Sarjan guda? Ni na ce a kai shi, Ajidan ya ce na ci amana. Shi ya sa ka gan ni nan cikin kifi, su suna can suna goge takalma."

Na san al'adar. Duk wanda ya yi soja ya san ta: in ɗan'uwanka bai zo layi ba, ka amsa masa, kada a hore shi. Ni kaina na amsa wa wasu, an amsa mini. Ban taɓa tunanin za a yi mini ita da takardar likita ba, in sa hannu kuma ina dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina na fi jin haushi.

Ban bi ta wajen Ajidan ba. Ina sauka Diffa na hau kabu-kabu zuwa Gagamari da hantsi. Matar Bukar, Ya Fanna, tana tsakar gida tana cire wa tattasai hanci. Muka yi doguwar gaisuwar nan, wannan karon ban ƙosa ba. Na tambayi mai gidan. Ta ce lafiya lau, yana hutawa. Na ce ni majo ne daga Damagaram, Mele ya turo ni. Ta daɗe tana kallon tattasan da ke hannunta, sannan ta nuna mini ɗakin da haɓa.

Yana zaune a bakin gado, gajere kamar yadda aka faɗa, gemu ya cika masa fuska, riga ta yi masa yawa. Ɗakin tsaf yake, an share, ga akushi a rufe ba a taɓa ba. Na gaishe shi da muƙaminsa, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na ja ƙofa na rufe, abin da ya kamata in yi tun a rumfa.

"Sarjan, kana barci?"

"Ina kwanciya."

"Abinci fa?"

Ya dubi akushin. "Tana wahala a banza."

"Gonar tattasai wa ke yi?"

"Su Ajidan. Kowa da ranarsa. Su tayar da inji, su yi ban ruwa, su zo su ce mini ta yi kyau." Ya ƙara da cewa, "Mutanen kirki ne. Da sun bari ta bushe da ya fi mini sauƙi."

Na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa gajere-gajere, kamar mai ba da rahoto. Da na zo ta ƙarshe, ita ma na yi ta. Ko ya taɓa jin mutuwa ta fi masa?

"Kowace safiya," ya ce. "Musulmi ne ni, Majo, ba zan yi wa kaina komai ba. Ina jira ne kawai." Sannan a karon farko ya ɗago ya dube ni. "Ba wanda ya taɓa tambayata. Kowa cewa yake na yi kyau."

Makinsa ya kusa cika takardar. Na gaya masa wannan ciwo ne kamar sauran ciwuka, yana da suna, yana da magani, ba rashin imani ba ne kuma ba hauka ba ne. Ya ce, "Yana da magani?" Na ce ƙwarai. Kuma saboda ina son in ga fuskar nan ta ɗan saki, na ƙara da abin da ba ni da ikon faɗa. Na ce lokotoro zai zo har gidan nan, ni na yi alkawari. Ya Fanna ta raka ni ƙofa tana ta "wushe, wushe", ta cusa mini tattasai a jaka ina ƙi tana ƙarawa.

Ajidan Garba na jirana a gidan Kiyari, labari ya riga ni. Bai ɗaga murya ba.

"Majo, wa ya ba ka izinin shiga gidan mutumina?"

"Mon ajidan, kun sa na rubuta ƙarya. Mutumin nan yana mutuwa a zaune."

"Kai kwana nawa ka yi nan? Mu muka riƙe igiyarsa kwana uku, ba mu sake ta ba, yanzu ma ba za mu saki ba. Ka rubuta ya taɓu, ka hau mota ka tafi. Mu za mu zauna da yaran gari suna nuna gidansa."

Na ce ba wanda zai ga takardar sai lokotoro. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce ya yi shekara talatin a aikin gwamnati, bai taɓa ganin takardar da mutum ɗaya kaɗai ya gani ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya fita ba sallama. Na so in tsane shi, na kasa. Mutum ne da ke tafiya Gagamari da ƙafa ran Talata don ya yi wa wani ban ruwa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ramukan suna nan inda na bar su.

A buro, wato ofishin porjen, na miƙa takardar Mele da ta Bukar. Sakatare ya buga lambar Bukar a na'ura, ya ce wannan mutumin ai an riga an shigar da shi, sifili gare shi. Na yi wa Madam bayani tun daga rumfa har Gagamari. Ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba, har ta dafe kai. Sannan ta ce dokar aikin ita ce lamba ɗaya takarda ɗaya, kuma ta farko ake riƙewa. In kuwa na dage ta farkon ƙarya ce, to duk bakwai ɗin da na yi a gaban ajidan sun lalace, sai a cire Diffa gaba ɗaya daga lissafi. Na ce to in an cire, lokotoro zai je? Ta ce a'a. In an bari fa? Ta ce nan ma a'a, tunda takardu sun nuna kowa lafiya. Ta ƙara da cewa sa hannuna ne a kan duka biyun. Wannan kam gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya fi zafi.

Na sami lokotoron da kaina. Mutumin kirki ne, ya ce ba ya rubuta irin wannan magani ga wanda bai gani ba, in kawo shi Damagaram zai duba shi kyauta. Na aika wa Kiyari. Ya ce ya je, Ajidan ya tsaya a ƙofa ya ce mutuminsu ba ya zuwa ko'ina, ai an ce lokotoro ne zai zo. Ran da aka karanta rahoton porje a taro, aka ce tsoffin pompiyen Diffa sun fi na ko'ina ƙarfin zuciya. Har tafi aka yi musu.

Satin da ya wuce direban bas ɗin Diffa ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙullin tattasai. Ya ce daga Ya Fanna.

"Ta ce in gaya maka, Majo, tun da ka tafi mai gidan ya yi aski. Kullum da safe yana sa rigarsa ta fita, ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar gida yana duban hanya. Har ya fara taɓa abinci, wai kada lokotoro ya same shi a rame. Ta ce don Allah ka faɗi ranar, ta san abin da za ta dafa wa baƙo."

Ya tsaya yana jiran amsa, injin motarsa na kunne a bakin titi. Na ce ya gaishe ta, ya ce mata lokotoro na nan tafe, ayyuka ne suka yi masa yawa. Ya ce to, ya juya. Karo na uku ke nan ina aika mata da wannan amsa.